Na'urar Inna da Masaƙan Buɗau

Da sunan Mai rahama nake buɗe baki, wanda ya shimfiɗa ƙasa domin a taka, ya tsaga kunne domin a saurara, ya dasa wa uwa son ɗa ko da bakinta bai furta ba. Bayan haka, ya ku jama'a, ku gyara zama ku ji abin da ya sami Nomau ɗan Arzika, mutumin Tudun Gawasa, wanda ya ratsa daji ya haye kogi da ƙarfe a gadon baya, ya shiga birnin da ba a buɗe ƙofa, ya zauna a ƙasar da ba a rufe ta. Ni ne Nomau ɗin. In kuka ji muryata tana hawa, ku yi mini uzuri, ba da ku nake ba. Har yau in na tuna tafiyar nan sai na ji raina ya ɓaci.

A duniyarmu mai wata biyu, kowane gida yana da na'ura. Akwati ne na ƙarfe mai fuskar gilashi da ake ɗorawa kan tebur. Da ita ake rubutu, da ita ake ganin 'yan'uwa na nesa a ji muryarsu. Amma ƙarfen shi kaɗai gawa ne. Abin da ke tashe shi muna kiransa kurwa, kuma ba aikin aljanu ba ne, saƙa ce ta rubutu, layi bisa layi, da masaƙa ke tsarawa su zuba a ciki. Kurwar da ke na'urorinmu duk daga Birnin Rufau take zuwa. Masaƙan Rufau aro suke bayarwa, ba sa sallamawa, kuma ba mahalukin da ya taɓa ganin bayan saƙarsu.

Mahaifiyata, Inna Yalwa, tana da tata na'urar, tsohuwa, tun ta zamanin babanmu. Abu ɗaya tak take yi da ita. Yayata Tasalla, 'yar farinta, aure ya kai ta tsibiran Tekun Gishiri, inda jirgi ba ya zuwa sai an manta da shi. Duk ranar kasuwa da la'asar Tasalla takan kira. To kun san alkunyar ɗan fari. Inna ba ta taɓa kiran sunan Tasalla ba, “waccan” take cewa, kuma ba ta kallon fuskarta. Sai ta danna koren madannin da ke ƙasa ta hannun dama, wanda yatsanta ya haddace, ta juya wa na'urar baya, ta ɗora faifai a cinya tana tsintar wake. Tasalla ta yi ta zuba labari, na ciwon haƙorin ɗanta, na tsadar gero a tsibiri. In Inna za ta amsa, ni take kallo, ko bango in ba na nan, ta ce, “A ce wa waccan ta riƙa shafa masa man kaɗanya.” Haka suka yi shekaru, ɗaya na magana, ɗaya ta ba da baya, kuma ban taɓa ganin hirar da ta fi wannan daɗi ba.

Ran nan Inna ta danna madanni, maimakon Tasalla sai rubutu ya fito. Aka kira ni na karanta: “Na'urarku ta tsufa. Rufau ta janye kurwarta. Ku sayi sabuwa.” Jama'a, na'urar nan ko tari ba ta taɓa yi ba! Jiya lafiya lau, yau wani ƙato da bai san hanyar garinmu ba ya yanke mata hukuncin mutuwa daga kan kujerarsa. Sabuwar kuwa sai an sayar da gona, kuma kunne gare ta wanda ba ya rufuwa, duk abin da aka faɗa a tsakar gida sai ta kai Rufau.

Inna ta taɓe baki ta ce, “Ƙarfe ne ya mutu, sai me?” Amma da ranar kasuwa ta zagayo, na shigo na tarar da ita zaune ta ba matacciyar na'urar baya, faifai a cinya, hannu ba ya motsi. Daga nan tuwo ya fara kwana a kwanonta. Kafin wani lokaci ƙashin wuyanta ya fito. Na san in muryar nan ba ta dawo ba, tsohuwar nan za ta bi ta, kuma har ta tafi ba za ta faɗi abin da ke cinta ba.

Da ta ga ina neman igiya, ta ce, “Ina za ka da wannan gawar?”

Na ce, “Wurin magani, Inna.”

“Kai dai ka cika neman wahala. Wa ya ce maka ina bukatarta?”

Tana faɗin haka tana naɗe na'urar da zanenta na zuwa biki, guzurin ƙuliƙuli kuwa tuni ta ɗaure shi a bakin ƙofa.

Na fara da Rufau, don in ji dalili daga bakin masu ita. Ganuwar birnin sumul take kamar an lashe, ba ka ganin ko tsaga. Aka kai ni wani zaure aka ce in jira. Wata sarewa tana busa waƙa guda, in ta kai ƙarshe ta koma farko, can daga rufi kuma wata murya mai zaƙi tana cewa, “Maganarka tana da muhimmanci a gare mu.” Na jira har ƙuliƙulina ya yi rabi. Sannan wani saurayi mai fararen haƙora ya fito yana murmushi.

“Ranka ya daɗe, ai don amfaninku muka yi haka.”

Na ce, “Amfaninmu? Uwata ta daina cin abinci!”

“Allah ya ba ta lafiya. Sabuwar na'urarmu ma tana tuna wa tsofaffi lokacin cin abinci.” Ya dubi ƙunshin da ke bayana, murmushin bai ragu ba. “Wannan kuma sai ka bar ta nan. Tsohuwar na'ura in ta shigo Rufau ba ta fita, niƙe ta ake yi, don kare lafiyar jama'a.”

Na ce masa to, bari in kama ruwa in dawo. Na fita ta ƙofar baya. A bakin ganuwa na tarar dogarai suna korar wata mai daddawa, wai warin kayanta ya saɓa dokar birni. Na raɓa kusa da ita na gaya mata halin da nake ciki. Matar nan ta buɗe babban kwandonta, muka tura na'urar ƙasa, muka binne ta da daddawa. Dogarai suka toshe hanci suna daka mana tsawa mu yi sauri mu fice. Da muka yi nisa ta ce, “Ɗan'uwa, ka nufi inda ƙaramin wata ke fitowa. Akwai ƙasar da ake kira Buɗau, can kurwa kyauta ce, kuma ba ruwansu da tsufan na'ura.” Na yi mata godiya. Na'urar Inna kuwa daga ranar ba ta sake rabuwa da warin daddawa ba.

Tsakanin Rufau da Buɗau akwai Dajin Yarda. Tsuntsayensa sun kai jimina girma, aikinsu su tare matafiyi su karanto masa sharuɗɗa masu tsawo da sauri, su ƙare da “Ka yarda?” Duk wanda gajiya ta sa ya ce e, sai ɗaya ya hau kafaɗarsa ya zauna har abada, yana kai rahotonsa Rufau. Na ga mutane suna tafe a sunkuye da tsuntsu a wuya. Da suka kewaye ni suka gama karatunsu, sai na ce su dakata, ni ma ina da nawa sharuɗɗan. Na fara jero musu asalin jakin kakana, uwarsa da uwar uwarsa da inda kowacce ta yi kiwo, na ƙare da “Kun yarda?” Ashe tunda aka halicce su ba wanda ya taɓa tambayarsu. Suka shiga kallon juna suna kaɗa fiffike, ni kuwa na sulale ta tsakiyarsu.

Buɗau ba ganuwa, ba dogari, ɗakunan ma ba ƙyaure. Kowane masaƙi ya baje saƙarsa a ƙofar gida, gaba da baya, mai wucewa ya duba, ya kwafa, ya ƙara zarensa in ya ga dama. A tsakiyar gari akwai wani falalen dutse da aka sassaƙa dokarsu a kai: “Abin da aka ba ka a bainar jama'a, karɓa ka yi aiki da shi nan take. In ka gyara, kada ka ɓoye. Wanda ya fara roƙa, miƙa masa.” Da na karanta sai da hawaye ya zo mini. Na ce Nomau, wahalarka ta ƙare.

Na tare mutum na farko na ce ina son kurwa. Ya ce, “Wacce?”

Ashe nan matsalar take. A Buɗau, in masaƙa biyu suka yi saɓani, ba sa zama a sasanta. Sai su tsinke zare, kowa ya ja rabinsa ya je ya kafa unguwa. Unguwanni sun fi a ƙirga, kowacce da kurwarta, kowacce tana rantsuwa sauran ɓatattu ne. Babbar rigimar da na tarar kuwa ita ce tsakanin Unguwar Dama da Unguwar Hagu, a kan gefen da ya kamata koren madanni ya zauna. Kan wannan magana wa da ƙane sun daina gaisawa. Kafin in ankara an kewaye ni, wannan na jan rigata, wancan na jan igiyar na'ura, kowa na ihu tasa ce ta dace da baƙo.

Wani mai suna Maigizo, ɗan Unguwar Dama, shi ya fizge ni daga hannunsu ya kai ni rumfarsa. Zan faɗi gaskiya ko da ina fushi. Mutumin nan bai karɓi komai nawa ba, har kunu ya ba ni. Ya zuba kurwarsu, na'urar da Rufau ta ce ta mutu ta buɗe ido tangaram, ta fi yadda take a da sauri. Rubutu yana yi, ba kunnen da ke saurarenka, ba mai cewa ka tsufa. Na danna koren madanni, sai ga Tasalla a gilashi, ta rame, tana kuka tana dariya, bakinta na motsi.

Bakinta na motsi, amma ba abin da ke fita. Shiru kamar an rufe tukunya.

Na ce, “Malam Maigizo, ina muryar?”

Ya sosa ƙeya. “Af, irin wannan tsohuwar ce? Sauti ba ya cika yi a kansu. Amma ga hoto ai, ras! Ka ga hancinta kuwa?”

“Hoto ba zai yi mini komai ba. 'Yar fari ce, uwarta ba ta kallonta.”

Ya dube ni kamar na yi magana da yaren tsuntsayen daji. Ya ce shi ɓangaren launi yake saƙawa, in tafi Dandalin Tambaya.

Wayyo Dandalin Tambaya! Fili ne babba, masana zaune kan turame, mai matsala ya tsaya a tsakiya ya faɗa. Na tsaya na faɗi tawa tun daga faifan wake har ƙashin wuyan Inna. Na farko ya ce, “Ba nan ake kawo labarin iyali ba, faɗi lambar ƙarfen.” Na biyu ko ɗaga kai bai yi ba ya ce, “An taɓa yin wannan tambayar.” Na ce yaushe, me aka amsa? Ya ce in nema. Na uku ya shafa tasa na'urar sabuwa fil ya ce, “A tawa dai yana yi.” Wani ya ce me za a yi da murya, su riƙa rubutu mana, ya fi tsafta. Na ce tsohuwar ba ta karatu. Ya ce to ta koya. Na ƙarshe, wani mai dogon gemu, ya nuna mini saƙar sautin da aka shanya a gefen dandali, tsawonta ya fi gonar gero, ya ce, “Ga ta nan a buɗe, ba wanda ya hana ka. Gyara da kanka.”

Ni manomin gawasa, in gyara da kaina! Da mai ciwon ciki zai je wurin mai magani a miƙa masa wuƙa a ce ga cikin nan naka ne, me za ku kira wannan?

Wani mai tausayi ya ja ni gefe ya buɗe mini abin da suke kira baƙin allo. Wuri ne a cikin na'ura, baƙi ƙirin, ba hoto ba madanni, sai ka rubuta wasu kalmomi marasa kan gado, in ka kuskure ɗigo guda ka shiga uku. Ya karanto, na rubuta. Da muka koma, ga Tasalla kai a ƙasa ƙafa a sama, tana reto kamar jemage, muryar kuma ba ta zo ba. Ya ce abin mamaki, a tasa bai taɓa yin haka ba. Ya ƙara karanto wasu, gilashin ya mutu gaba ɗaya. Sai da na koma wurin Maigizo aka sake zubi daga farko. Ran nan na zauna gindin dutsen dokarsu na zage su tas, su da Rufau. Can an rufe mini ƙofa ana murmushi, nan an buɗe mini ƙofa an bar ni cikin daji.

Na daɗe a Buɗau, har na gane yadda suke aiki. Ba mugunta ba ce. Ba mai biyansu, ba mai sa su. Kowa sai ya gama neman abincinsa sannan ya zauna kan saƙa, kuma abin da ya dame shi shi yake gyarawa. In ƙaya ba ta soki ƙafar masaƙi ba, tana nan a hanya har jikokinsa. Na'urar Inna kuwa ba wanda ke da irinta a ƙasar, don haka ciwonta ba ciwon kowa ba ne.

Aka ce mini wadda ta saƙa ɓangaren sauti tana nan da rai, ana kiranta Uwar Saƙa, sunanta Ɗayyaba. Na same ta a bayan gida tana ba awaki dusa, dattijuwa ce mai kaifin ido. Na durƙusa na gaishe ta, na fara bayani. Ta katse ni.

“Ɗan nan, ka ga layin can?” Mutane ne zaune a inuwa, kowa da ƙunshinsa. “Duk ni suke jira, ni kuwa hannu biyu gare ni, ga awaki. Irin na'urarka ban taɓa riƙewa ba. In na samu sarari zan duba.”

“Yaushe, Gwaggo?”

“In na samu sarari.”

Wani a layin ya ce mini shi tun yana da baƙin gashi yake jiran sararin nan. Na tuna kwanon tuwon Inna. Na koma gindin dutse na sake karanta dokar, a hankali wannan karon, sai dabara ta faɗo mini.

Ana gab da Taron Zare, ranar da duk unguwanni ke haɗuwa, kuma a bana za a yanke hukunci kan rigimar dama da hagu. Uwar Saƙa ce ke shugabanta. Da na'urarta ake jin muryoyin masaƙan da ke ƙasashe masu nisa, don ba a yanke magana sai an ji ta bakinsu. Da rana ta take, fili ya cika maƙil. Ɗayyaba ta hau dandamali, ta kai hannu za ta kunna na'urarta mai sheƙi, sai na kutsa na haye, na kwance zanen Inna, na dire tamu a gabanta.

Na ɗaga murya na ce, “Jama'ar Buɗau ku shaida! Ni Nomau, baƙonku, na ba Uwar Saƙa kyautar wannan na'ura a bainar jama'a!”

Warin daddawa ya bugi na sahun gaba suka ja da baya. Ɗayyaba ta dube ni, ta dubi dutsen doka, na ga ta gane. Ta ce ƙasa-ƙasa, “Kai ɗan banza ne.” Na ce, “Na gode, Gwaggo.” Amma na san abin da na yi. Na'urar ta fita daga hannuna, in dabarar ta ƙi, ba ni da abin da zan koma da shi gida.

Doka doka ce. Ta ture tata gefe, ta kunna ta Inna. Manyan masaƙan nesa suka bayyana a gilashi, da gemunansu da rawunansu, kowa na wangale baki yana nuni da yatsa, ba a jin ko tari. Jama'a suka fara gunaguni. Ɗayyaba ta danna nan ta danna can, gumi ya karyo mata. Ta juyo ta ce, “Wai me ke damun abin nan ne?”

Na gyara tsayuwa na ce, “An taɓa yin wannan tambayar, Gwaggo.”

Wani ya tuntsire da dariya. Na ƙara da cewa, “Ko su riƙa rubutu mana, ya fi tsafta. In kuma ba haka ba, ga saƙar can a buɗe, ba wanda ya hana ki.”

Mai dogon gemun nan na Dandalin Tambaya ya sunkuyar da kai. Ɗayyaba ta cire mayafi ta ɗaure a ƙugu, ta zauna dirshan a kan dandamali, ta buɗe baƙin allo. Yatsunta suka shiga gudu. Ta bi saƙarta layi layi tana tsaki, can ta tsaya, ta ce, “Kai! Ashe nan ne.” Zare ɗaya ne ya harɗe. Ta warware shi. Nan take muryoyin masaƙan nesa suka fashe a filin, kowa na zagin kowa a kan dama da hagu, jama'a suka ɗauki sowa.

Ni ban yi sowa ba. Kunun da aka ajiye mata a gefe ko hucewa bai yi ba. Zare ɗaya! Saboda zare ɗaya na bar tsohuwa tana ƙarewa, na sha rana a dandali, na ga yayata a rataye kamar jemage. Na ji kamar in kama dandamalin in kifar.

Ban samu damar fushin ba ma, don na hango wani mai tara tsofaffin kaya ya taso yana murza hannu, idonsa kan na'urar, ya buɗe baki zai roƙa. Na daka tsalle na sha gabansa na ƙwala ihu, “Gwaggo, kin gyara, na roƙa! Ni na fara!”

Ɗayyaba ta miƙe tana karkaɗe zane. Ta dube ni ta ce, “Wa ke jiranta a gida, da har za ka tozarta ni gaban duniya?”

Na gaya mata. Na faɗi faifan wake, da bayan da ake juyawa, da “a ce wa waccan”. Fuskarta ta sauya. Ta ce ita ma tana da ɗan fari, a Unguwar Hagu yake, rabonta da jin muryarsa tun da aka tsinke zare.

“Me ya hana ka faɗa mini haka tun farko?”

“Na faɗa a dandali aka ce ba nan ake kawo labarin iyali ba. Na zo gidanki kika nuna mini layi.”

Ta sa aka zuba mini sabuwar saƙa mai ɗauke da gyaran, ta naɗe na'urar da zanen Inna da hannunta, ta ɗora mini a baya. Gyaran kuwa aka shanya shi a fili, duk mai irin na'urar nan a duniya ya samu. Ban tsaya jin hukuncin taro ba, na kama hanya.

Na iso Tudun Gawasa ranar kasuwa, rana ta karkata. Inna tana zaune inda na bar ta, ta ba teburin da ba komai a kansa baya. Ta zama rabin yadda na san ta. Ta dube ni ta ce, “Ka dawo? Me ke wari haka?” Na dire na'urar na kunna. Ta miƙa yatsa ƙasa ta hannun dama, inda ya saba zuwa, ta danna. Ba komai. Ta sake dannawa. Na leƙa, sai na ga koren madanni ya koma sama ta hagu. Ashe 'yan Hagu ne suka ci taron, kuma tun kafin in bar filin an saka hukuncin a sabuwar saƙar.

Na ambaci sunan Allah don kada in ambaci wani abu. Yatsan Inna yana nan a inda babu komai. Na kama shi a hankali na kai shi sama ta hagu. Daga baya na ɗiga ƙaro a wurin don ta riƙa lalubawa, kuma tun daga ranar ban sake nisa da gida ba, don duk tsofaffin garinmu sun kwaso matattun na'urorinsu sun jibge mini, in madanni ya gusa ni ake aikowa a kira. Mai tambayata ko kurwar Buɗau ta dace da gidan kowa, ina ce masa ya fara duba ko gidan yana da Nomau.

Inna ta danna. Ta juya baya da sauri, ta jawo faifai.

“Inna! Inna, kina jina? Inna, ni ce!”

Muryar Tasalla ta cika ɗakin, ta fita tsakar gida, har maƙwabta suka leƙo ta katanga, don Ɗayyaba ta bar sautin a ƙure yadda aka yi taro da shi. Kaji suka watse. Na kai hannu zan rage, Inna ta buge mini hannu ba tare da ta waiwayo ba. Na ga ruwa yana ɗiga kan waken, ɗaya bayan ɗaya.

Ta share hanci da gefen zane, ta dubi bango ta ce, “Nomau, a ce wa waccan ta sake faɗa. Ban ji ba.”

Nan hikayata ta tsaya. Wanda ya saurara, Allah ya bar shi da muryar nasa.